Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo: kwana 12 muna rufin ɗakuna a ƙetaren iyaka

Ina gaida makiyayan da ke ruga sun rataye rediyo a bakin bukka, ina gaida direbobi da 'yan kasuwar da dare ya riska a shingen duwan suna jiran gari ya waye a buɗe hanya. Mako biyu ba ku ji muryata ba, saƙonni kuwa sun taru. Wani bawan Allah daga wajen Gider ya ce ko aure na yi ban gayyace shi ba. Wata hajiya mai fataucin atamfa ta ce ta ji an ce an sallame ni daga aiki. To Hajiya, ba a sallame ni ba, auren ma da sauran lokaci. Hutu na ɗauka, na bi tawagar matasan ikilisiyarmu muka ƙetara Najeriya, don mu taya mutanen da rikici ya ƙone wa gidaje rufa ɗakunansu kafin ruwa ya sauka. Labarin wannan tafiya na kawo muku yau.

Na san mafi yawanku Musulmi ne, wani zai ce ina ruwana da tafiyar 'yan coci. Da ruwanka, ɗan'uwa. Irin waɗannan tawagogi motocinku suke shiga, a hannunku suke canza sefa zuwa naira, a shagunanku suke sayen kwano da ƙusa. Wani lokaci ma, kamar yadda za ku ji, a kan hanyar shanunku suke kafa harsashin gini. Saboda haka gara ku san su, ku san abin da ya kamata su yi, da abin da bai kamata ku bari su yi ba.

Mu 14 muka tashi. Akwai birkila ɗaya, kafinta biyu, ma'aikaciyar jinya ɗaya, sauran ɗalibai ne da irina masu riƙon biro. Jagoranmu wani dattijon ikilisiya ne, ni kuma aka ba ni aikin tafinta saboda ina jin Hausa da Fillanci. Muka fita ta Bukula, muka shiga ta Sahuda, muka kwana a Mubi, kashegari muka yi arewa zuwa wani ƙauye da ke gindin duwatsu tsakanin Michika da Madagali. Ba zan ambaci sunansa ba, mutanensa ba su aike ni in tallata su ba.

A takarda dai ƙasar waje muka je, an buga mana hatimi, an duba katin rigakafin shawara. Amma ku da kuke ƙetare wannan iyaka kowane mako kun san yadda abin yake. Mubi da Michika da Madagali duk suna cikin yankin da ake kira Arewacin Kamaru a ƙarƙashin Ingila, sai a ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 suka zaɓi zama da Najeriya, aka mai da yankin Lardin Sardauna. Wanda ake ce wa Kapsiki a wannan gefen dutse, shi ake ce wa Higi ko Kamwe a wancan gefen. Dangi ne iyaka ta ratsa tsakaninsu.

Abin da ya same su kuwa kun sani, wasunku ma da ku aka yi gudun. A watan Satumban 2014 Boko Haram ta kama Gulak da Michika, a ƙarshen Oktoba ta shiga Mubi. Mutane suka hau duwatsu da ƙafa suka gangaro mana ta Mogode da Burha. Wasu suka zauna a gidajen dangi, wasu aka kai su sansanin Minawao kusa da Mokolo, wanda aka buɗe a 2013, daga baya jama'arsa ta haura 70,000. A 2017 Kamaru da Najeriya da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka sa hannu kan yarjejeniyar mayar da masu son komawa, amma da yawa ba su jira mota ba, da kansu suka koma kaɗan-kaɗan. Abin da suka tarar shi ne bango a tsaye, sama a buɗe. Wuta ta cinye katako da ciyawa, kwano ya nannaɗe ko an kwashe. Bangon ƙasa kuwa in ba rufi, kowace damina sai ta ɗan ci rabonta, har ya zama tudu. Shi ya sa har yau akwai iyalan da ke kwana a ƙarƙashin tamfol a tsakar gidan da suka gada.

Me ke sa Kirista ya bar aikinsa ya tafi irin wannan hidima? A koyarwarmu, Yesu Almasihu kansa an gudu da shi Masar yana jariri, kuma wanda ya saukar da baƙo marar wurin kwana ana lissafa masa kamar shi ya saukar. Niyya ke nan. Amma niyya ba ta iya gini ba, kuma wannan shi ne abin da kwana 12 suka koya mini.

Bari in fara da kuskurenmu mafi girma, don ya shafe ku kai tsaye, ku makiyaya. Ban da rufe tsofaffin bango, an shirya mu gina sababbin ɗakuna uku ga wasu iyalai da ba su da fili. Wani mutumin kirki ya ba da gefen gonarsa. Muka kafa turaku, muka ja igiya, muka ga wurin ya ɗan matse, sai muka ƙara 'yan taku zuwa wani fili da ke shimfiɗe babu komai a kai. Kwana biyu muna haƙa harsashi cikin zafin Afrilu. Ran na biyu da la'asar sakaliya sai ga wani tsoho, sanda a kafaɗa, ya tsaya yana kallonmu. Aka ce mini Arɗo ne. Na je na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Sannunku da aiki, yara. Wa ya ba ku nan?"

Na ce, "Baffa, mai gonar ne ya nuna mana."

Ya ce, "Mai gona ya nuna muku gonarsa. Igiyarku ce ta wuce gona. Zo ka gani."

Ya ja ni ya nuna mini kututturan bini-da-zugu da suka ƙone, jere a layi biyu, sun miƙe har zuwa rafi. Burtali ne. Da rani, ga idon baƙo, fili ne kawai. Ya ce, "Ruwa na sauka shanu za su hauro daga kudu, ta nan za su bi zuwa mashaya. Ko su ture bangonku, ko su kauce su faɗa gonar wani. Kai ɗan rediyo ne aka ce, ka san abin da ke biyo bayan wannan. Ku za ku koma gida, mu za ku bar wa."

Jama'a, jikina ya yi sanyi. Mun zo kawo sauƙi, saura kaɗan mu shuka faɗan manoma da makiyaya a garin da bai gama warkewa daga wani ciwon ba. Laifin kuwa namu ne. Ranar da muka iso mun gaida faston da ya gayyace mu, mun kai takarda ga jami'an tsaro, amma ba mu zauna da lawanin gari ba, balle mu tambaya ko akwai ruga a kusa. Kashegari jagoranmu ya sayi goro, ya je ya ba da haƙuri. Lawani da Arɗo da mai gonar suka zo tare suka taka wurin da ƙafa, suka nuna iyaka. Muka mai da ƙasar da muka haƙa, aikin kwana biyu ya tafi a banza. An ce baƙo makaho ne ko da yana da ido, a ranar na yarda.

Darasi na biyu wata tsohuwa ce ta ba mu, da dariya. Mun zo da zanen gini da wani masani ya yi mana a birni, ɗakuna a jere, ƙofofi na kallon hanya. Hanyar kuwa tana gabas. Tsohuwar ta leƙa ta ce, "Ɗana, a garinku daga ina hadari ke tasowa?" Kowa a nan ya sani, iskar farkon damina daga gabas take bugowa, shi ya sa bangon gabas ke fara zaizayewa, shi ya sa kuma kakanninmu ba su cika juya ƙofa can ba. Mu da takardarmu mun manta. Ta ƙara da tambayar inda za a kafa murhu, da inda rumbu zai zauna, da inda awaki za su kwana. Masu aikin agaji na duniya suna da ma'auni, sun ce kowane mutum ya samu aƙalla murabba'in mita 3.5 a ƙarƙashin rufi, wato iyali mai mutum shida mita 21 ke nan. Ma'aunin yana da amfani, yana hana a cusa mutane kamar kaji a akurki. Sai dai bai san inda akuya za ta kwana ba, matar gida ce ta sani.

A duk kwanakin nan akwai wasu mutum uku da ke zama a gindin tsamiya suna kallonmu. Na ɗauka 'yan zaman kashe wando ne. Da na tambaya, ashe maginan garin ne, su suka gina rabin bangon da muke ƙoƙarin rufewa. Mun zo da ƙarfinmu na kyauta mun ƙwace musu aikin da za su ci abinci da shi, ga shi kuma ba mu kai su iyawa ba. Daga rana ta biyar aka juya tsarin. Aka ɗauke su aiki ana biyansu kullum, mu kuma muka koma leburorinsu, masu miƙa tubali da kwaɓa ƙasa. Babban cikinsu ya nuna wa kafintocinmu abin da ba ya cikin zane. Kafin bango ya kai ƙarshe a binne waya mai kauri a cikinsa, jeri uku ko huɗu daga sama, a fito da bakinta a ɗaure katakon rufi da ita, in ba haka ba guguwar farko za ta ɗauke rufin gaba ɗaya kamar hula. A shafa wa katako baƙin mai saboda gara. A ɗaga bango, a bar 'yan kafofin iska a sama, don ɗakin kwano mai gajeren bango a watan Afrilu tanda ne. A kuma bar wuri a gaba inda mai gida zai kafa rumfar zana. Da muka bi maganarsu, aikin da muke yi a kwana biyu ya koma na yini ɗaya.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Akwai wata babbar ƙungiyar Kirista mai gina gidaje, Habitat for Humanity, wadda Millard Fuller da matarsa Linda suka kafa a Amurka a 1976, bayan sun yi shekara uku suna gwada tsarin a Mbandaka ta ƙasar Zayar, Kwango ta yanzu. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya fara yi musu aikin kafinta a 1984, ya daɗe yana yi har tsufa. Ƙa'idarsu ita ce wanda zai shiga gidan sai ya zuba guminsa a ginin, nasa da na maƙwabcinsa. Abin da suka rubuta a takarda, mu nan gayya muke ce masa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma fa mai ɗakin ne ke cewa a ɗaga, a sauke.

Yanzu ga maganar da na san tana ran da yawanku, kuma ba zan kauce mata ba. Ana cewa 'yan mishan ba sa ba da komai a banza, kwano a hannun dama, addini a hannun hagu. A cikin jerin waɗanda za a rufa wa ɗaki akwai wata gwauruwa Musulma, tana riƙe da jikoki biyar a ƙarƙashin tamfol da rana ta cinye. Ranar da za mu je gidanta sai ta aiko yaro ya ce ta gode, a ba wani. Aka tura ni in ji dalili.

Na ce, "Inna, lafiya? Ko mun yi wani laifi ne?"

Ta ce, "Ɗana, na rasa miji, na rasa ɗa, na rasa gida. Addinina ne ya rage mini. In kwanonku da sharaɗi, ku bar ni da tamfol ɗina."

Da na bincika, ashe wani saurayi a cikinmu, mai zafin kishin addini, in ya je awon ɗaki sai ya bar 'yar takardar wa'azi, ya kuma gayyaci mutanen gidan sujadar yamma. Shi a ganinsa alheri yake yi. Ita kuwa abin da ta gani shi ne mutumin da ke riƙe da ma'aunin ɗakinta yana kiranta coci, ta yaya za ta ce a'a ba tare da tsoron rasa rufin ba? A daren nan jagoranmu ya tara mu. Ya ce sujadarmu a masaukinmu za mu riƙa yi, ƙofa a buɗe take. Wanda ya tambaye ka game da bangaskiyarka, ka amsa masa da gaskiya. Amma muddin awo ko ƙusa na hannunka, bakinka ya tsaya a kan gini. Da safe ya nemi limamin garin da faston suka zauna tare suka sake duba jerin sunayen, aka karanta shi a fili kowa na ji. Liman da kansa ya raka mu gidan Inna, 'ya'yansa biyu suka hau sama tare da mu.

Ku sani, wannan ƙa'ida a rubuce take. A 1994 ƙungiyar Red Cross da manyan ƙungiyoyin agaji suka fitar da dokokin aikin jinƙai, cikin waɗanda suka tsara su har da na Kirista, irin su Caritas ta Katolika da Tarayyar Lutheran ta Duniya. A ciki an amince cewa buƙata kaɗai ake dubawa wajen rabon taimako, kuma ba za a ɗaura shi a kan karɓar wani addini ko wata siyasa ba. Duk tawagar da ta saɓa wannan, ta saɓa abin da manyanta suka sa wa hannu, kuma kuna da ikon faɗa mata haka.

Akwai kuma wanda ya nuna misali a aikace, nan kusa da mu. A 2014 Bishop Stephen Mamza na Katolika a Yola ya buɗe harabar majami'ar Saint Theresa ga dubban masu gudu. Da shekaru suka wuce wasu ba su da inda za su koma, sai cocin ta gina musu gidaje 86 a Sangere-Marghi cikin ƙaramar hukumar Girei, aka buɗe a watan Afrilun 2021. A cikin unguwar an gina makaranta, an gina coci, an kuma gina masallaci saboda Musulmin da ke cikinsu. Wasu Kiristoci sun soke shi a kan masallacin, bai janye ba. Ku kuma 'yan'uwa Musulmi kun fi ni sanin labarin hijirar farko zuwa Habasha, inda Najjashi, sarki Kirista, ya ba Sahabbai mafaka bai nemi su bar addininsu ba. Abin da ake nema ga mai ba da masauki ke nan, ko wane ne shi.

Sai abin da har yanzu yake damuna. Da aka karanta jerin sunayen nan a fili, babu Bafillace ko ɗaya a ciki. Ba ƙiyayya ce ta jawo ba, yadda aka yi ƙidayar ne. An bi gida-gida ana lissafa ƙonannen bango. To wanda gidansa bukka ce, wuta ba ta bar masa shaida. Mutanen Arɗo sun rasa shanu, sun rasa tabarmi da ƙwarya da komai, amma ba su da bangon da za su nuna. Da na tambaye shi me suke buƙata, bai ce kwano ba. Ya ce tamfol mai kauri na sa wa bukka da damina, da igiya, da gyaran komin ban-ruwa da ya fashe a bakin rijiya. Lokacin kuɗinmu ya kusa ƙarewa. Tamfol kaɗan muka iya saya, da siminti buhu biyu na komin. Na ji kunya, don mutumin da ya cece mu daga babban kuskure shi ya samu mafi ƙanƙantar rabo. Saboda haka Arɗo, ko'ina kake kana jina, in ka ji baƙi masu agaji sun sauka a garin da ke kusa da rugarka, kada kunya ta sa ka zauna jiran a kira ka. Na san halin pulaku, roƙo abu ne mai nauyi. Amma wannan ba roƙo ba ne, ƙidaya ce, kuma wanda ba a rubuta ba a ranar farko da wuya a tuna da shi a ranar ƙarshe. Ka je, ko ka aika wakili, a sa mutanenka a takarda.

Ku 'yan kasuwa, ga taku. Ba mu ɗauko kwano daga nan ba, a Mubi muka saya, don kauce wa wahalar duwan da kwastan, don kuma kuɗin ya zauna a yankin. Mun gamu da iri biyu. Wani da ya ji kayan agaji ne sai farashi ya tashi nan take, kuma da muka kwance wani bandir, cikin falle 20 ɗin nan an cusa marasa kauri a tsakiya, irin waɗanda ƙusa ke yagawa. Wani Alhaji kuwa da ya ji inda za a kai kayan, ya rage mana, ya kuma ba da motarsa ta kai har ƙauyen, mai kawai muka zuba. Ɗan'uwa, kuɗin da ke hannun irin waɗannan baƙi ba na gwamnati ba ne, baiko ne da talakawa suka tara, har da mata masu tuyan ƙosai. Abin da ka ɗora a kan bandir, daga rufin wata gwauruwa ka yage shi.

A hanyar dawowa na zauna da biro na yi lissafin da ya hana ni barci. Ɗaki 19 muka rufa, har da sababbin ukun nan. Amma kuɗin motarmu da abincinmu da takardunmu, mu 14, da an mai da shi kwano da katako, da ya rufa wasu ɗakunan kusan rabin wannan adadi. To da kuɗin kawai muka aika, ba zai fi ba? Gaskiya ta wani gefen zai fi. Ni dai ban iya buga ƙusa ba, yatsana na hagu shaida ne. Amma akwai abin da na gani wanda ba a aikawa ta hannun direba. A cikin tawagarmu akwai wani mutumin Mogode da ya saukar da iyali guda daga wannan ƙauye a 2014, suka yi wata bakwai a gidansa. Ranar da suka gan shi, maigidan ya rungume shi yana kuka, aka yanka akuyar da ba su da kamarta. Sannan zuwanmu ya sa an zauna, liman da fasto da Arɗo da lawani, a tabarma ɗaya. Shawarar da na ba ikilisiyarmu ita ce, in za a koma, mutum huɗu sun isa, masu sana'a a hannu da mai jin harshe, sauran kuɗin a sayi kaya a can, a biya maginan can.

Gargaɗi ɗaya kafin lokaci ya cim mana, kuma ku riƙe shi da kyau. Taimakon mafaka na gaskiya yana rufa wa yaro ɗaki a inda danginsa suke. Duk wanda ya ce ku ba shi yaro ya kai shi gidan marayu a wata ƙasa, ku tsaya. A watan Oktoban 2007 an kama 'yan wata ƙungiyar Faransa mai suna Arche de Zoé a Abeche ta ƙasar Chadi, suna shirin hawa jirgi da yara 103 da suka ce marayun Darfur ne, bincike ya nuna yawancinsu 'yan Chadi ne kuma suna da iyaye ko dangi. A 2010, bayan girgizar ƙasar Haiti, an kama wasu 'yan mishan 10 daga Amurka a bakin iyaka da yara 33 ba tare da takardun izini ba, da yawa cikin yaran iyayensu na raye. Ku direbobi, ku ne idon hanya. In kun ga baƙo da tarin yaran da ba nasa ba yana neman hanyar daji, ku sanar da jandarma ko 'yan sanda.

To in tawaga irin tamu ta sauka a garinku, ku karɓe su, baƙonka annabinka. Amma ku tambaye su wa ya gayyace su, kuma ko hukuma da mai gari sun san da zuwansu. Ku tambayi wanda ya rubuta jerin masu amfana, ku nemi a karanta shi a fili. Ku tambaya ko akwai sharaɗi. Ku taka filin da za a yi gini tare da su, manomi da makiyayi, kafin a kafa turke ko ɗaya. Kuma kada a ɗauki hoton matarka ko ɗanka cikin halin ƙunci sai da yardarka. Mai gaskiya ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba.

Kai kuma matashi da ke sha'awar irin wannan tafiya, Kirista ne kai ko Musulmi, don ƙungiyoyin Musulmi ma suna wannan aiki, ka tafi da katin shaidarka da katin rigakafi, ka bi ta ƙofar iyaka a rubuta sunanka. Ka yi hattara da mai karɓar kuɗinka da alkawarin zai kai ka aikin mishan a Turai, ka tabbatar shugabannin majami'arka ko masallacinka sun san shi. In ka isa, kwanan farko ka bar guduma a jaka, ka zaga gaisuwa, ka buɗe kunne.

Daren jiya an yi ruwan farko a nan, da iska mai ƙarfi daga gabas. Ina kwance ina jin kwano na ƙara, hankalina na can gindin dutse. Da safe na samu faston ƙauyen a waya. Ya ce su ma an yi, rufi 19 duk suna nan, wayar magina ta riƙe. Ya ce Inna ta aiko a gaishe ni, ta ce a gaya wa ɗan rediyon nan jikokinta sun yi barci har gari ya waye. Shanun Arɗo kuma ba su hauro ba tukuna, amma hanyarsu a buɗe take.

Jama'a, a nan zan dasa aya. Wanda ya taɓa karɓar irin waɗannan baƙi, ko ya ji daɗinsu ko ya sha wuyarsu, ya aiko mana da labarinsa ta hanyar da kuka saba, za mu karanta a shiri na gaba. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu duba maganar rigakafin dabbobi kafin hawan damina, da takardun da ake nema a iyaka. Masu tafiya Allah ya sauke ku lafiya, masu kiwo Allah ya tsare garke. A kwana lafiya.